Ranar da na buɗe kafiretar injin yankan ciyawar kawuna



Na san kun saba in kuka ga rubutuna to maganar waya ce: ko caji ya ƙi shiga, ko sikirin ya fashe, ko waya ta sha ruwa. Yau kam ku yi min uzuri, zan ɗan kauce hanya. Maganar injin yankan ciyawa zan yi, irin mai taya 4 ɗin nan da ake turawa da hannu. Kafin ka ce "ni ina ruwana da ciyawa" ka wuce, ɗan tsaya. In kana da janareta a gida ko a shago, ko injin ban ruwa a fadama, to irin kafiretar da zan yi bayani ita ce a jikinsu, bambancin kaɗan ne. Wasu na ce mata kabureta, duk abu ɗaya ne.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, ya fi shekara 20 yana gyaran fulawa da yankan ciyawa a gidajen Unguwar Rimi da Malali a nan Kaduna. Duk tsawon shekarun nan da langa-langa yake aikin, har bayansa ya fara ba shi matsala. A daminar bara ya sayar da awakinsa 2, ya haɗa da kuɗin adashi, ya sayi injin yankan ciyawa na gwanjo. Mai sayarwa ya tashe shi a gabansa, ya ɗan yi ƙara, ya kashe, aka yi ciniki. Aka ɗora a keke aka kawo gida.

Washegari inji ya ce bai san zancen ba. A danna ɗan robar nan ja da ke gefe sau 3, a ja igiya, ya tashi, bayan daƙiƙa 2 ko 3 ya mutu. A sake, haka. Ga shi Kawu ya riga ya karɓi kafin alƙalami a wata makarantar kuɗi, zai yanke musu filin wasa kafin yara su dawo hutu a watan Satumba, saura kwana 4. Kuɗin ma ya shiga cefane. Ya kai wa wani bakanike, ya saurara sau ɗaya ya ce kafireta ta mutu, sai an yi odar sabuwa, kuma ba za ta iso a satin ba.

Da la'asar sai ga shi ya turo inji har ƙofar shagona.

Ya ce, "Ɗan nan, kai da kake buɗe waya ka ga abin da ido ba ya gani, wannan ƙarfen ne zai gagare ka?"

Na ce, "Kawu, ni fa waya na koya, ba inji ba."

Ya ce, "Ai duk 'yan gida ɗaya ne, bature ne ya ƙera su."

Na yi dariya, amma da na kalli fuskarsa na ga ba wasa ne ya kawo shi ba. Iyakar sanina da kafireta shi ne na taɓa buɗe ta janaretan shagona sau 2. Na ce ya bar shi, zan gwada.

Bari in fara da kurakuraina, don kada ka maimaita su.

Na farko, ban duba komai ba na aika yaro ya sayo sabon fulogi. Na ɗaura, ba abin da ya canza. Wannan shi ne ainihin abin da nake yi wa yaran shago faɗa a kai: a kawo waya ba ta caji, kafin ka leƙa ramin caji ka ga ko ƙura ce ta toshe shi, har ka ce wa mai ita ya sayi batir. Sai ga ni na yi wa kawuna irinta da kuɗinsa.

Na biyu, na kwantar da injin a gefe don in leƙa ƙarƙashinsa, kuma na kwantar da shi ta ɓangaren da filtar iska take. Baƙin mai ya gangaro ya jiƙa filtar sharkaf. In za ka karkata irin wannan injin, ɓangaren kafireta da filta shi ne zai kalli sama. Kuma kafin hannunka ya je kusa da wuƙar, zare hular fulogi. Juya wuƙar da hannu daidai yake da jan igiya, inji na iya tashi da yatsunka a ciki.

Bayan na yi ɓarnar nan sai na zauna na ce bari in bi shi yadda nake bin waya: ba na canza komai sai na gano inda cutar take.

Ƙaramin inji irin wannan abu 4 yake nema: iska, fetur, wuta daga fulogi, da matsi a cikin silinda. In ɗaya ya ɓace ba zai yi aiki ba. Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba maka gardama. Cire filtar iska, ka zuba fetur kaɗan, kamar rabin ƙaramin cokali, a bakin kafireta, ka matsar da galan nesa, ka riƙe ƙarfen birkin da ke jikin mariƙi, ka ja igiya. In ya tashi ya ɗan yi ƙara ya mutu, to wuta lafiya, matsi lafiya, fetur ne ba ya isowa da kansa. In ko bai ce uffan ba, to ka koma wajen fulogi da kwayil da wayar birki, ka bar kafireta ta huta tukuna.

Na Kawu ya tashi ya mutu. Da na yi tunani ma, ai robar nan ja da ake dannawa aikin da take yi ke nan, tura ɗan fetur cikin maƙogwaron kafireta. Inji ya ƙone wannan ɗan, ya nemi ƙari bai samu ba. Tun farko injin yana faɗa mana ciwonsa, mu ne ba mu saurara ba. Da na san haka da kuɗin fulogi na aljihun Kawu.

To mece ce kafiretar ma? Wurin da ake gauraya fetur da iska ne kafin su shiga inji. A ƙasanta akwai wani ɗan kwano da fetur ke taruwa. A cikin kwanon akwai fulot, wato wani abu mara nauyi da ke yawo a saman fetur, haɗe da 'yar allura. In kwano ya cika, fulot ya tashi ya tura allura ta toshe hanya. In ya ragu ta buɗe. Ka san tankin ruwan masai na zamani? To haka yake aiki. A sama kuma akwai maƙogwaro mai tsukakken wuri a tsakiya. In fistin ya zuƙo iska, tana ƙara gudu a tsukakken wurin, sai ta jawo fetur daga kwano ta wani ɗan ƙaramin rami da ake ce wa jet. Lissafin masana, wajen kashi 15 na iska ne ke tafiya da kashi 1 na fetur in an auna da nauyi. Ka ga fetur ɗin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ramin bai wuce tsinin allura ba, shi ya sa kuma datti kaɗan ke toshe shi.

Daga ina dattin yake zuwa? Yawanci daga fetur ɗin kansa. Fetur ba ya son zama. Daga wata guda ya fara lalacewa: mai sauƙin cikinsa ya bi iska, ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Injinan gwanjon nan kuwa da yawansu daga Amurka da Turai ake kwaso su. A can in sanyi ya shigo ciyawa ta daina girma, sai a jefa inji a gareji da ragowar fetur a ciki. Fetur ɗin Amurka kuma galibi akwai kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol a ciki, wanda ke jan danshi daga iska. Ƙara da watannin da inji ya yi a kwantena da shagon mai sayarwa. Ba laifin wanda ya ƙera ba ne, zama ne ya yi yawa.

Na fara da tanki. Na juye abin da ke ciki a gorar ruwa mai haske. Launinsa kamar shayi ba madara, warinsa kamar na tsohon fenti, kuma bayan ya natsu sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, tunda ruwa ya fi fetur nauyi. Kawu ya zuba sabon fetur ne a kan tsohon da ya tarar. Wannan gwajin gorar ka riƙe shi, musamman in wajen 'yan bumburutu kake sayen mai. Na wanke tankin da sabon fetur, na zare tiyo na tabbatar mai na zubowa sosai ba ɗigo-ɗigo ba.

Sannan na zo kan kafireta. A nan wayarka za ta yi maka rana: kafin ka kwance komai ɗauki hoto, ka kwance ɗaya ka sake ɗauka. Musamman 'yan sandunan ƙarfe da sifirin ɗin da ke saman kafireta. Na gwamna ne, wato abin da ke daidaita gudun inji. In ka mayar da su ramin da ba nasu ba, ko ka ja sifirin ya miƙe, inji zai riƙa gudun hauka ko ya rasa ƙarfi. Ni dai na shimfiɗa tabarmar maganaɗisun da nake jera sukurorin waya, na jera komai bi da bi.

Injin Kawu Briggs & Stratton ne, irin mai kwanon ƙarfe. Noti ɗaya ne ke riƙe da kwanon daga ƙasa, na rabin inci, sifana mai lamba 13 na kama shi. A injinan Honda yawanci lamba 10 ce. Da na cire kwanon, wallahi sai ka ce an dama kunun kanwa an manta da shi: danƙo, tsatsa, da wani farin gari. Na zare fil ɗin da ke riƙe da fulot, na fito da shi da allurarsa. Na girgiza fulot a kunnena, ban ji motsin ruwa ba, alamar bai huje ba. Na cire duk wani abu na roba na ajiye gefe, don maganin wanke kafireta na gwangwani yana cin roba. Na fesa shi a kowane rami ina kallo ko zai fito ta ɗaya gefen. Kare idonka a nan, don yana dawowa fuska, kuma zafinsa ba a magana.

Wata shawara ga 'yan uwana masu gyaran waya: kashe ayon da buluwa kafin ka buɗe fetur, ka fita da aikin waje inda iska ke kaɗawa. In za ka saka kafireta a injin wanke bod ɗin nan mai girgiza ruwa, ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwano ya isa, sannan ka busar da ita sosai. Kada ka kuskura ka zuba fetur a cikinsa.

Na mayar da fulot da allura, na gwada su: na kifa kafireta, na hura iska ta tiyo mai tsabta a inda fetur ke shiga, iska ba ta wuce ba, na miƙar da ita, ta wuce. Haka ake so. Na haɗa komai tsaf, na sa sabuwar filta a madadin wadda na jiƙa, na ja igiya ina murmushi.

Ya tashi, ya mutu. Kamar ban taɓa shi ba.

Lokacin an idar da sallar isha'i, Kawu na zaune a benci bai ce min komai ba. Shirun nan ya fi faɗa ciwo. Ya tashi ya ce, "Bar shi, ɗan nan, gobe na ɗauki langa-langata." Na san filin nan, na san bayansa. Ko ya kwana yana sara ba zai gama a kwana 3 ba.

Bayan ya tafi na sake kwancewa, na baje komai a teburin aikina, na ce sai na duba kowane ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Abu ɗaya ne ban wanke ba: notin da ke riƙe da kwano. Na ɗauka noti ne kawai, na goge shi da tsumma na mayar. Na sa shi a ƙarƙashin madubin da nake duba bod ɗin waya. Ashe na tagulla ne, ashe cikinsa rami ne, ashe shi ne jet ɗin gaba ɗaya! Akwai ramuka a gefensa ta ƙasa, akwai ɗaya a tsakiya, sannan akwai wani ɗan mitsitsi kusa da inda zaren notin ya ƙare. Na tsakiyar da ɗan mitsitsin duk sun toshe ƙam, danƙon ya bushe ya yi kalar ƙarfen, ido ba zai taɓa cewa akwai rami a wurin ba.

Na fere wata tsohuwar wayar caja, na zaro silin jan ƙarfe guda ɗaya, na riƙa sakawa a hankali ina fesa magani har haske ya ratsa. Dalilin da ya sa na zaɓi jan ƙarfe, ya fi tagulla laushi. In ka sa allurar ɗinki ko kan ƙusa za ka faɗaɗa ramin, inji ya koma shan mai da baƙin hayaƙi, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa.

Ban iya jira gari ya waye ba. Ja ɗaya ya tashi, kuma bai mutu ba. Maƙwabta dai sun yi haƙuri da ni a daren.

Sai dai da saura. Ƙarar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, sai ya yi sama ya yi ƙasa, wuu-wuu, kamar mai haki. Wannan alamar fetur ya yi wa iska kaɗan ne: ko wani rami bai gama buɗewa ba, ko iska na satar hanya ta inda bai kamata ba. Da safe na duba bayan kafireta, inda take haɗuwa da bututun da ke kai wa inji. Akwai zoben roba a wurin, ya bushe ya tsage. Na tafi da shi Panteka na samo daidai shi a wajen masu kayan inji, kuɗinsa bai kai na katin waya ba. Na saka, ƙara ta daidaita.

Ga alamomin da na tattara daga wannan aikin da kuma janaretocin da na taɓa daga baya. Ajiye su a wayarka:

1. Ya tashi ya mutu nan take, ko ba ya aiki sai cok na rufe: jet ya toshe.

2. Ƙara na hawa da sauka: ƙaramin rami ya toshe, ko fakin ko zoben roba na shigar da iska.

3. Baƙin hayaƙi da shan mai, fulogi ya yi baƙi: filtar iska ta toshe, ko cok ya maƙale a rufe, ko allurar fulot ba ta rufewa.

4. Fetur na ɗiga daga kafireta in inji na ajiye: allura ko fulot. A nan ka sunsuna baƙin mai. In yana warin fetur ko ya ƙaru a kan sanda, canza shi kafin ka sake tayarwa, don mai da ya tsinke yana kashe inji.

5. Ya yi aiki minti 10 ko 15 ya mutu, bayan ya huta ya sake tashi: sassauta murfin tanki ka gwada. Akwai 'yar kafar iska a murfin, in ta toshe fetur ba ya sauka. In ba ita ba ce, to a duba kwayil, wani yakan yanke wuta in ya yi zafi.

6. Farin hayaƙi mai yawa bayan an karkata inji: baƙin mai ne ya bi inda bai kamata ba. Duba filta, ka auna man, sauran zai ƙone da kansa.

7. Igiya na fizge hannu bayan wuƙa ta daki dutse ko kututture: wannan ba kafireta ba ce. Akwai wani ɗan makulli mai laushi a jikin fulayiwil da ke karyewa, lokacin wuta ya goce. Kai wa bakanike.

Ba na cewa ba a canza kafireta. In ruwa ya cinye jikinta ya yi ramuka, ko zaren noti ya lalace, ko sandar maƙogwaro ta yi lako-lako, wanki ba zai yi ba, sabuwa za ka nema. Kuma in ka ja igiya ka ji ba nauyi ko kaɗan, matsalar a cikin inji take, wannan aikin masu shi ne. Abin da nake cewa, a duba kafin a yanke hukunci.

Kawu ya gama filin a kwana 2. Ya zo da kuɗi na ƙi karɓa, tunda ni ma na ci masa kuɗin fulogi da filta. Washegari sai ga buhun ɗanyar masara a ƙofar shago, wai na ladan ido.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi duk abin da na faɗa amfani. Ciyawa a nan aikin damina ne. Daga ƙarshen Oktoba inji zai kwanta har ruwa ya sake sauka wajen Mayu, wato zaman da ya toshe shi a can shi zai sake yi a nan. Don haka ranar aikin ƙarshe a rage fetur ɗin tanki, a bar inji ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, a kwance notin kwano a zubar da ɗan abin da ya rage. Mai janareta kuma, in za ka yi kwanaki ba ka kunna ba, cire kayan wuta tukuna, ka rufe famfon fetur, ka bar shi ya shanye na cikin kafireta ya mutu. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa na tattalin ko da rabin lita ne, amma juye shi a babur ya fi barinsa ya ruɓe a tanki. Rigakafi ya fi magani.

Da damina ta ɗauke ni da kaina na je gidan Kawu na zubar masa da man, don na san shi, cewa zai yi asara ce. Bana da ruwa ya sauka, ja biyu inji ya tashi.

Wanda janaretansa ko injinsa ke yin ɗaya daga cikin alamomin nan, ya faɗa min yadda yake yi da kuma tsawon lokacin da ya yi a ajiye, in sha Allahu zan amsa gwargwadon abin da na sani. Rubutu na gaba za mu koma gida, maganar wayar da ke zafi in ana caji. Allah ya sa mu dace.